Kafin ka sayi gona ko fili

In Allah ya sa kaka ta yi kyau, ka sai da wake, ko ka komo daga ci-rani da ƴan kuɗi, sai ka fara tunanin inda za ka aje su. Bisa tana mutuwa in fari ya zo. Hatsi kuma ƙwari suna ci. Ƙasa kuwa tana nan. Shi ya sa mutane da yawa a nan Ajekoriya suke son sayen gona, ko fili a Dakwaro ko Maraɗi. Amma fa wani kuɗinsa ya bada ya sayo rigima. To, ga tambayoyin da za ka yi tun kuɗinka suna aljihu.

Gonar ta wace ce?

Yawancin gonakinmu na gado ne. In mai sayarwa yana da ƴanʼuwa, maza ko mata, sai ka ji daga bakinsu cewa an raba gadon, kuma sun yarda. Tambayi mai gari, tambayi maƙwabtan gonar. Matambayi ba ya ɓata.

Saye ne, ko jingina, ko aro?

Ba ɗaya ba ne. Gonar jingina, ranar da mai ita ya maido maka da kuɗinka, ta koma hannunsa. Gonar aro kuwa ba taka ba ce, ko ka shekara ashirin kana nomanta. Wanda ke riƙe da jingina ko aro ba shi da ikon sayar maka.

Akwai wurin da ba a saye?

Akwai. Burtali, da makiyaya, da bakin rijiyar shayar da bisashe, na jamaʼa ne. Tun 1961 doka ta ja iyakar noma ta arewa, abin da ke bayanta ƙasar kiwo ce. In aka yi maka tallar gona mai arha a can, ka bincika tukuna.

Wace takarda zan nema?

A 1993 Nijar ta kafa dokar karkara. Dokar ta yarda da mallaka ta gargajiya, kuma ta kawo kwamitin ƙasa, wanda ake ce ma kofo. Akwai na ƙauye, wanda mai gari ke shugabanta, akwai na gunduma, akwai na Dakwaro. Ka nemi takardar saye daga kofo. A zaga gonar da ƙafa tare da shaidu, a nuna iyaka gabas da yamma, kudu da arewa. Fili na cikin birni kuwa, ka tafi ofishin magajin gari da takardarsa, a duba maka ko lambar da sunan daidai suke. Ana sai da fili guda ga mutum biyu.

Yanzu ka iya karatu. Duba sunanka, da sunan mai sayarwa, da yawan kuɗin, da kwanan wata. In da faransanci aka rubuta, samo wanda ka yarda da shi ya fassara maka kafin ka sa hannu. Ke ma, in da kuɗin adashinki kika saya, sunanki za a rubuta.

Yaushe zan ga riba?

Ba yau ba. A ce ka gina ɗaki da jika 300, ka bada haya jika 5 a wata. Sai bayan wata 60, wato shekara 5, kuɗinka za su komo, ban da yaɓe da gyara, ban da watan da ɗakin ya zauna ba kowa. Kuma ƙasa ba akuya ba ce da za ka ja zuwa kasuwa ka sayar rana guda. Saboda haka kada ka taɓa cimakar gida, kada ka sai da gonar da kake ci don sayen fili.

Abu na ƙarshe: je ka ga wurin da damina. Filin da ya yi kyau da rani, wani sa’i tabki ne a watan Agusta.

In takarda ta zo hannunka, sa ta cikin leda, ka aje ta inda gara da ruwa ba su kai. Shaidu suna tsufa, suna rasuwa. Takardar ce za ta yi ma ɗiyanka magana.