Koyon fentin mai a ɗakin Vermeer

Yau za mu leƙa birnin Delft na ƙasar Holan, garin Johannes Vermeer, wanda aka haifa a 1632, ya rasu a 1675. Zanukansa da suka rage ba su kai 40 ba, amma har gobe masu koyon zane da fentin mai a kansu suke ɗaukar karatu.

A cikinsu akwai wanda ake kira Darasin Kiɗa, yana hannun masarautar Ingila. Ɗaki ne, haske na shigowa ta tagogin hagu. Wata mace ta ba mu baya tana kaɗa abin kiɗa mai kama da piyano, namiji na tsaye a gefenta, madubi a samanta ya nuno fuskarta. Ga tebur lulluɓe da darduma, ga farar buta, ga daɓen tayil fari da baƙi.

Sabon hannu kan yi ɗokin fara zana mutanen, alhali daɓen ne tushen aikin. In layin tayil ɗaya ya karkace, ɗakin duka ya rushe. Shi kansa Vermeer allura ya kafa a jikin ƙyallen zanen, daidai hannun rigar matar, yana jan zare daga nan don layukan su haɗu wuri guda. Hujin na nan har yau. Mai koyo ma haka zai yi.

Daga nan sai shimfiɗar farko da ruwan ƙasa kaɗai, a raba haske da inuwa. Sai a haƙura ta bushe, ko da za a kwana biyu ana jira. Kowace shimfiɗa ta gaba ta fi ta ƙasanta mai; in aka juya tsarin, fentin zai tsattsage.

Inda na fi so mai koyo ya daɗe shi ne bangon ɗakin. Ido zai ce fari ne. A matso kusa. Gefen taga yana da ɗumi, can nesa yana komawa toka-toka, kuma a cikin inuwar, Vermeer ya cakuɗa shuɗi mai tsadar gaske da ake niƙa daga dutsen lazuli na Afganistan. Wanda ya matso farin fenti tsagwaronsa ya shafa, to ya kashe hasken ɗakin.

Mutanen su ne ƙarshe. Ƙanana ne, suna can ƙuryar ɗaki, don haka 'yan taɓe-taɓen burushi sun ishe su, muddin inuwarsu ta sauka kan bango da daɓe yadda tagogin suka hukunta.