Yadda Sojan Amurka Ke Taimakon Masu Shirya Sinima

Hakimai da malaman ofis sun san majigi, sun kuma san yadda jama'a ke gaskata abin da idonsu ya gani a kan farin ƙyalle. To, ya kamata a san cewa da yawa daga cikin manyan wasannin yaƙi na Amurka ba 'yan sinima kaɗai ke shirya su ba, da hannun soja a ciki.

Dalili kuwa shi ne tsada. Da wuya kamfani ya iya sayen jirgin yaƙi don wasa guda. Saboda haka sai ya nemi aro wurin Ma'aikatar Tsaro. Tun cikin 1927 aka ga amfanin wannan, sa'ad da soja suka ba da jiragen sama da dubban mayaƙa a jihar Teksas don shirya wasan Wings, wanda shi ne ya fara cin babbar kyautar Oscar.

Amma fa aron da sharaɗi. Tilas kamfani ya miƙa labarinsa a rubuce, hafsoshi su duba, su nuna wuraren da ba su yarda da su ba. In an gyara a sami kaya, in an ƙi a nemi wani wuri. Lokacin da ake shirya Top Gun na 1986, mayaƙan ruwa suka ba da jirage samfurin F-14, kamfani ya biya kuɗin tashinsu. Sai dai a labarin farko budurwar matuƙin soja ce, aka sa aka mayar da ita farar hula, don dokar aikinsu ta hana irin wannan nema. Da wasan ya fito, har teburin ɗaukar kurata aka kafa a ƙofar waɗansu gidajen sinima. Watau kowa ya ci riba, sai dai mai kallo bai san an tace masa labari ba.

Waɗanda aka hana su ma akwai. Apocalypse Now na 1979 labarin hafsa ne da aka aika ya kashe wani hafsa a yaƙin Biyetnam, don haka ba a taimaka ba. Mai wasan, Francis Coppola, ya tafi Filifin, gwamnatin Marcos ta ara masa jirage masu saukar ungulu. Wani lokaci ana tsakiyar ɗaukar hoto sai a janye su, a tura su yaƙi da 'yan tawaye.