Abincin da Ke Gina Jikin Kare

Ya ku manoma da dagatan ƙasar Yawuri, tun daga Shanga har Ngaski, ku sani karen da ke tsaron gona ko bin mafarauci daji ba ya ƙoshi da ƙanzon tuwo kaɗai. Akwai wani abu cikin abinci wanda masana ke kira furotin, watau mai gina jiki. Da shi kare ke yin tsoka da jini da fata da gashi, da shi miki ke warkewa, da shi kuma jiki ke kāre kansa daga cuta. In ya gaza, sai jiki ya shiga cin tsokar kansa, kare ya rame, gashinsa ya dushe, karya ta rasa nono.

Babban kare yana bukatar furotin ya kai kashi 18 cikin 100 na busasshen abincinsa, kwikwiyo da karya mai shayarwa kuwa wajen kashi 22. To, dawa ba ta da shi sai kamar kashi 10. Wake ya ninka ta, busasshen kifi kuwa ya haura rabi.

Ku kam Allah ya hore muku Kwara da tabkin Kainji. Ku tara ƙananan kifaye da ɓurɓushin banda, ku dafa, ku tsince ƙaya, kana ku cuɗa da tuwo da dafaffen wake. Amma kada a zuba masa miya mai albasa, gama albasa tana ɓata jinin kare.

Dagatai su sanar da jama'arsu wannan.