Raɗaɗin Mafitsara da Abubuwan da Ke Tayar da Shi

A Minna, kamar sauran garuruwan Arewa, idan mace ta ce mararta na ciwo kuma fitsari ya hana ta sakat, amsa ɗaya takan samu daga maƙwabta da 'yan uwa: "Ai sanyi ne." Daga nan sai kemis, a haɗo mata magungunan kashe ƙwayoyin cuta. In ba a dace ba a koma wajen mai maganin gargajiya a Kasuwar Kure, a karɓo saiwoyi da jiƙo. Sau da yawa maganar sanyin gaskiya ce, kuma magani yakan yi aiki. Amma akwai waɗanda sun sha magani har sun gaji, an auna fitsarinsu a asibiti sau uku ko huɗu ba a ga ƙwayar cuta ko ɗaya ba, ciwo kuma yana nan daram. Wasu daga cikinsu suna fama ne da wata larura ta daban, wadda likitoci ke kira interstitial cystitis, mu kuma za mu kira ta raɗaɗin mafitsara mai daɗewa.

Yadda ciwon yake

Alamarsa ta farko ita ce ciwo ko nauyi a mara, wanda ke ƙaruwa yayin da mafitsara ke cika, ya ɗan lafa bayan an yi fitsari. Ta biyu ita ce yawan zagayawa. Lafiyayyen mutum yakan yi fitsari kamar sau shida zuwa takwas a yini, kuma mafitsararsa na iya riƙe kusan rabin lita. Wanda ciwon ya yi wa tsanani yana iya zagayawa sau arba'in, har sittin, dare da rana, abin da ke fita kuma bai cika ƙaramin kofi ba. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta ce ana zargin ciwon ne idan alamun sun wuce mako shida ba tare da an sami ƙwayar cuta ko wani dalili bayyananne ba.

Ciwon ba sabo ba ne. Wani likitan mata a Amurka, Alexander Skene, shi ya raɗa masa suna a 1887. Bayansa Guy Hunner na asibitin Johns Hopkins ya bayyana wasu jajayen miyaku da ya gani a bangon mafitsarar wasu mata, har yau kuma da sunansa ake kiran miyakun, ko da yake kaɗan ne daga cikin masu ciwon ke da su. Wani bincike da aka wallafa a 2011 ya ƙiyasta cewa mata miliyan 3 zuwa 8 a Amurka suna da alamunsa. Ya fi kama mata, amma bai bar maza ba.

Har yanzu masana na muhawara kan asalinsa. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne cewa cikin mafitsara akwai wani shafe mai santsi da ke hana fitsari taɓa naman bangonta. Idan shafen ya sami rauni, sinadaran fitsari sai su ratsa su kai ga jijiyoyi. Duk uwargidan da ta taɓa jajjaga attarugu da yanka a yatsa ta san wannan. Jiya ma ta taɓa attarugun nan lafiya lau, yau kuwa sai yarfe hannu take yi. Attarugun bai sauya ba, fatar ce ta buɗe. Shi ya sa ciwon ke zuwa yana tafiya: mutum ya yi makonni cikin sauƙi, rana ɗaya wani abu ya taɓo wurin, ya kwana bai runtsa ba.

Abin da ke shiga baki

A wani bincike na 2007, kusan tara cikin goma na masu ciwon da aka tambaya sun ce akwai abinci ko abin sha da ke tayar musu da shi. Waɗanda suka fi fitowa su ne kofi, shayi, lemon kwalba, barasa, lemon zaƙi da na tsami, tumatir, barkono mai zafi, da zaƙin roba da ake sa wa lemon da aka rubuta ba sukari a jikinsa.

Idan aka ɗora wannan jerin a kan cimar Minna, za a ga ya shafi kusan yini guda. Da safe teburin mai shayi ne, Lipton ko Nescafé, kuma dukansu suna ɗauke da kafin, sinadarin da ke ƙara yawan fitsari yana kuma tsokanar mafitsara. Goro ma yana da shi, abin da dattawa masu taunarsa daga hantsi zuwa la'asar ba su cika sani ba. Da rana shinkafa da miyar tumatir mai attarugu, ko sakwara da miya mai yaji. Da yamma tsire ko kilishi, an barbaɗe shi da yaji har ya yi ja. Sai kuma abubuwan sha namu masu tsami: zoɓo, musamman wanda aka zuba wa citta da abarba, da kunun tsamiya, da nonon da ya kwana biyu. Duk wanda ya ga lemon tsami na tayar masa da ciwo, to ya sa ido a kan waɗannan ma. Ƙwayar bitamin C da ake saya a kemis ba tare da shawarar likita ba ita ma tana damun wasu.

Wannan ba ya nufin mai ciwon zai zauna da yunwa. Ruwa, madara, ƙwai, kaza, shinkafa da kankana suna cikin abubuwan da ba su cika damun kowa ba. Doyar da ta yi wa Jihar Neja suna abinci ne mai lami, matsalar takan fito ne daga miyar da aka ci ta da ita. Miyar kuka ko ta kuɓewa da aka rage wa barkono takan maye gurbin jar miya ba tare da tuwo ya rasa armashi ba.

Zafi, ƙishirwa da azumi

Kuskuren da masu ciwon suka fi yi shi ne rage shan ruwa don gudun zagayawa. Dabarar tana komawa kansu, domin fitsarin da ya yi kauri ya zama ruwan ɗorawa ya fi ƙona bangon da ya riga ya raunana. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Minna kan kusanci digiri 40, gumi kaɗai ya isa ya kawo wannan hali. Abin da ya fi shi ne a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan a tsawon yini, a rage dab da kwanciya.

Azumi yana haɗa abubuwa biyu wuri ɗaya. Mutum ya wuni ba ruwa, sannan a buɗa baki da kunun tsamiya, zoɓo mai sanyi, lemo da ƙosai mai yaji. Mai wannan larura zai fi samun sauƙi idan ya fara da dabino da ruwa, ya musanya kunun tsamiya da na gyaɗa wanda ba a sa wa tsami ba, ya kuma rarraba shan ruwansa tsakanin magariba da sahur. In abin ya gagara, sai ya nemi shawarar likita da fatawar malami, domin addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Hanya, zama da jiki

A ɗauki misalin 'yar kasuwar da ta shiga mota daga Minna zuwa Suleja, tafiyar kusan kilomita 100. An matse su huɗu a kujerar baya. Tun kafin a kai Lambata fitsari ya kama ta, amma kunya ta hana ta ce wa direba ya tsaya a gaban maza. Ta daure, kowace gargada tana ji har cikin mararta. Ko da ta sauka ta zagaya, ciwon bai sake ta ba sai bayan kwana biyu. Abubuwa uku ne suka taru mata: dogon zama, jijjiga, da riƙe fitsari fiye da ƙima. Haka abin yake ga tela mai wuni kan keke, da ɗan acaɓa, da ɗalibar da ke zaman lacca a jami'ar da ke Gidan Kwano. Matsattsen siket ko ɗaurin zani mai tsauri a kan mara shi ma yana ƙarawa. Haka nan taurin bayan gida, domin hanjin da ya cika yana danne mafitsara.

Mata da yawa sukan ga ciwon ya tashi 'yan kwanaki kafin jinin al'ada. Saduwar aure ma tana tayar da shi, wani lokaci nan take, wani lokaci sai washegari. Nan ne larurar ke taɓa zaman gida, domin miji na iya ɗauka gudunsa ake yi, ko ya yi zargin cutar da ake ɗauka. Ya kamata ma'aurata su sani cewa wannan ciwo ba ya yaɗuwa daga wani zuwa wani. Sabulu mai ƙamshi, turare da kayan matsi da ake cusawa a gaba sukan ƙara fusata wurin, barinsu ya fi alheri.

Sai damuwa. Ba ita ke haifar da ciwon ba, kuma kuskure ne a ce wa mai shi "tunani ne kawai". Amma tashin hankali da rashin barci suna ɗaure tsokokin ƙasan mara, su sa jijiyoyi su ƙara jin zafi. Shi ya sa wasu ke kwanciya bayan hidimar biki, ko rasuwa, ko lokacin jarrabawa.

Kowa da nasa

Abin da ke kayar da wani, wani zai ci ya kwana lafiya. Saboda haka babu jerin haramci guda da ya dace da kowa, kuma hanyar gane naka ba ta buƙatar kuɗi. A sami ƙaramin littafi, a riƙa rubuta abin da aka ci, da lokacin, da yawan zagayawa, da tsananin ciwo daga 1 zuwa 10. A ajiye duk abubuwan da ake zargi na tsawon mako biyu ko fiye. Daga nan a dawo da su ɗaya bayan ɗaya, a bar kwana uku tsakani. Idan shayi ne, zai nuna kansa cikin sa'o'i ko zuwa washegari. Idan tumatir bai yi komai ba, sai ya koma tukunya.

Amma kada kowa ya yanke wa kansa hukunci a gida. A Jihar Neja, inda jama'a da yawa ke wanka da kamun kifi a kewayen madatsun Shiroro, Kainji da Jebba, dole a fara kawar da zargin tsargiya, wadda ke sa fitsarin jini kuma tana da magani sananne mai suna praziquantel. Ciwon sukari, tsakuwar mafitsara, tarin fuka da ya sauka a hanyar fitsari, kumburin furostet ga maza, har da sankara, duk suna iya yin kama da shi. Jini a fitsari, zazzaɓi ko rama alamu ne na a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba. Babban Asibitin Minna, Asibitin Ƙwararru na IBB da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida wurare ne da za a fara neman gwaji.

Ba a sami maganin da ke raba mutum da ciwon gaba ɗaya ba, amma akwai masu sassauta shi, kamar amitriptyline da likita ke rubutawa, da motsa jiki na sassauta tsokokin mara, da ɗumama mara da tsumma mai ɗumi idan ya motsa. Duk da haka, likita ba ya bin mutum wajen mai shayi ko tashar mota. Wanda ya zo masa da littafin mako huɗu a hannu, yana cewa "goro da doguwar tafiya ne ke tayar mini", ya rage masa rabin aiki, ya kuma huta da sayen maganin sanyin da babu shi.