Idan sabon kati ya ƙi zama lafiya a cikin kwamfuta

Mutum ya sayo katin sauti ko na sadarwa, ya soka shi a gurbinsa, ya kunna kwamfuta, sai linzami ya daskare ko sauti ya ɗauke. Nan take akan yanke hukunci cewa katin jabu ne. Alhali sau da yawa lafiyarsa ƙalau, rikici ne ya shiga tsakaninsa da wata na'ura saboda dukansu suna son abu ɗaya.

Kowace na'ura tana bukatar layin da za ta kira hankalin furosesa da shi, wato IRQ, da kuma adireshin da za a same ta. A tsofaffin kwamfutoci layukan 16 ne kacal, daga 0 zuwa 15, kuma yawancinsu da masu su: 0 na agogon ciki, 1 na kibod, 14 na babban faifai. Katunan ISA na wancan zamani kamar kishiyoyi suke, biyu ba sa zama a layi ɗaya. Katin sauti na Sound Blaster na farko yakan zo a kan layi na 7, wanda kuma shi ne na firinta, don haka idan suka yi karo sai mai gyara ya matsar da ɗan ƙaramin filogi a jikin katin da hannunsa. Da Intel ya fito da sabon tsarin gurbi na PCI a 1992, sannan Windows 95 ya fara raba wa na'urori layuka da kansa, wahalar ta ragu ƙwarai.

Amma ba ta ƙare ba. A Windows, ku buɗe Device Manager ku nemi na'urar da ke ɗauke da alama mai ruwan ɗorawa. Idan an rubuta Code 12, to katin bai samu isasshen wuri ba ne. Ku kashe kwamfutar, ku cire wayar wuta, ku taɓa ƙarfen akwatin kafin ku kama katin, sannan ku gwada shi a wani gurbin. Idan bai yi ba, ku shiga BIOS ku rufe abin da ba ku amfani da shi, kamar tsohuwar kafar firinta. Manyan katunan hoto kuwa, musamman in sun wuce ɗaya, sukan bukaci a kunna Above 4G Decoding.

Abin da na ga ya fi ruɗa mutane yanzu shi ne gurbin M.2. A wasu allunan kwamfuta, da zarar an sa faifan SSD a wurin, sai wasu kafofin SATA ko wani gurbin PCI Express su daina aiki, domin hanya ɗaya suke bi. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera allon, kuma littafin da ya zo da shi ya fayyace wane gurbi ne ke rufe wane. Don Allah a riƙa duba shi kafin a sayi kati.

Kuma duk canjin da za ku yi, ku yi shi ɗaya bayan ɗaya, kuna kunna kwamfutar a tsakani, don ku gane wanne ne ya kawo gyaran.