Sarrafa Injin Lantarki Daga Nesa Ta Shafin Yanar Gizo

A shekarar 1994 wasu masana a Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Amurka, ƙarƙashin jagorancin Ken Goldberg, suka girke wani hannun ƙarfe mai kyamara a saman akwatin yashi, suka haɗa shi da yanar gizo. Duk mai kwamfuta, ko a wace ƙasa yake, yana iya buɗe shafinsu ya matsar da hannun, ya sa ya hura iska a yashin domin tono abin da aka binne. A 1995 suka buɗe lambu a kan wannan tsari, inda mutum zai shuka iri ya yi masa ban-ruwa alhali bai taɓa taka wurin ba. A wancan zamani wannan aikin jami'a ne mai cin kuɗi. A yau ɗalibin sakandare yana iya yin makamancinsa da ɗan allon lantarki da bai cika tafin hannu ba.

Allunan da aka fi amfani da su iri biyu ne. Na farko ƙaramin mai sarrafawa ne da ke gudanar da manhaja guda tak, daga kunna shi har a kashe. Misalinsa Arduino, wanda aka ƙirƙiro a garin Ivrea na Italiya a 2005, da ESP32 na kamfanin Espressif da ke Shanghai, wanda ya fito a 2016 ɗauke da Wi-Fi a jikinsa. Na biyu cikakkiyar kwamfuta ce a kan allo ɗaya, kamar Raspberry Pi da aka fara sayarwa a Ingila a 2012 kan dala 35. Kowannensu yana da jerin ƙafafu na ƙarfe a gefe, waɗanda manhaja ke iya sakar wa lantarki ko ta ɗauke.

Yadda umarni ke tafiya

Allon ne ke ajiye shafin, ya miƙa shi ga duk wayar da ta nema. ESP32 ma yana iya buɗe tasa hanyar Wi-Fi, saboda haka ba a buƙatar intanet ko sayen data, abin da ya dace da yawancin makarantunmu. Ɗalibi ya haɗa wayarsa da allon, ya rubuta adireshinsa, wanda bisa al'ada 192.168.4.1 ne, sai shafi ya bayyana da maɓallai uku: gaba, baya, tsaya. Da ya taɓa "gaba", waya ta aika ɗan gajeren saƙo, manhaja ta karanta, ta ɗaga wata ƙafa daga bolt 0 zuwa bolt 3.3. Aikin yanar gizo ya ƙare ke nan. Wannan shi ne ɓangare mafi sauƙi, duk da cewa shi ne ya fi burge 'yan kallo.

Akala da raƙumi

Wahalar tana farawa ne daga ƙafar allo zuwa injin lantarki mai juyawa, wato moto. Ƙafar Arduino Uno tana iya bayar da kimanin miliamfiya 20 cikin aminci, ta Raspberry Pi kuwa kimanin 16. Miliamfiya kashi ɗaya ne cikin dubu na amfiya. To amma ɗan moton da ke cikin motar wasan yara yana jan ɗaruruwan miliamfiya, kuma idan wani abu ya tokare shi ya kasa juyawa, yana iya haura amfiya guda. Wanda ya haɗa moto kai tsaye da ƙafar allo, to ya nemi ƙona allon, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi cinye kuɗin masu koyo.

A dubi yaron da ke jan akalar raƙumi. Ba shi ke ɗauke da buhunan ba. Nasa kawai ya ja ko ya sassauta. Haka allo yake. Moto yana samun ƙarfinsa daga batir nasa na daban, ita kuwa ƙafar allo sai ta ja akala, wato tiranzisto, wanda makunni ne da ƙaramar kwararar lantarki ke buɗe wa babba hanya. Sharaɗi ɗaya shi ne a haɗa wayar ƙasa ta batirin da ta allon, domin bolt 3.3 ba shi da ma'ana sai an auna shi daga wuri guda. Sau da yawa idan komai ya yi daidai amma moto ya ƙi motsi, wannan wayar aka manta.

Akwai wata illa kuma da ido ba ya gani. A cikin moto akwai naɗaɗɗiyar wayar tagulla da ke zama maganaɗisu idan lantarki ya ratsa ta. Idan aka katse wutar farat ɗaya, maganaɗisun ya rushe ya haifar da bolt mai yawa na ɗan lokaci, wanda ke iya huda tiranzisto. Maganinsa dayod, ɗan abin da ke barin lantarki ya bi ta fuska ɗaya kawai. Ana gitta shi a kan moto domin wannan ƙarfin ya zagaya ya mutu a can.

Domin moto ya iya komawa baya, sai a yi amfani da makunnai huɗu da aka jera kamar harafin H, moto yana tsakiya. A kunna na sama a hagu da na ƙasa a dama, ya juya gaba. A kunna sauran biyun, lantarki ya ratsa ta ɗaya fuskar, ya juya baya. Ba a taɓa kunna biyu na gefe ɗaya tare, don hakan haɗa bakin batir biyu ne kai tsaye. Ana sayar da wannan gada a haɗe. L293D tana ɗaukar miliamfiya 600 ga kowane moto, L298N kuwa amfiya 2. Ita L298N tana da araha da sauƙin samu, amma tana cinye kusan bolt 2 ta mai da shi zafi, don haka mai batir na bolt 6 ya san cewa kimanin 4 ne za su isa ga motonsa.

Gudu kuma fa? Ƙafar allo kunnawa da kashewa kawai ta sani. Dabarar ita ce a yi hakan da sauri ƙwarai, kamar yaro mai gara taya: ya tura, ya saki, nauyin tayar ya cike giɓin. Arduino Uno yana yin wannan kimanin sau 490 a daƙiƙa a yawancin ƙafafun da aka tanada don haka. Lamba daga 0 zuwa 255 ce ke faɗin tsawon turawar, inda 128 ke nufin rabin lokaci a kunne. Majanyin da ɗalibi ke ja da yatsa a shafi wannan lambar yake aikawa.

Idan saƙo ya yanke

Ga tambayar da ya kamata malami ya yi wa kowane ɗalibi kafin ya yaba aikinsa: idan ka taɓa "gaba", sannan Wi-Fi ya ɗauke, me moto zai yi? Amsar ita ce zai ci gaba da juyawa, domin allo yana riƙe da umarnin ƙarshe da ya ji, kuma "tsaya" ba ta da hanyar isowa. A kan motar wasa, abin dariya ne. A kan injin jan ruwa na rijiyar burtsatse, tanki zai cika ya yi ta ambaliya, ko ruwan rijiya ya ja baya injin ya yi ta juyawa a bushe har ya lalace.

Gyaran yana cikin manhaja. A sa shafi ya riƙa maimaita saƙonsa sau da yawa a daƙiƙa muddin yatsa na kan maɓalli, allo kuma ya riƙa duba agogonsa: idan daƙiƙa guda ta wuce bai ji komai ba, ya tsayar da moto da kansa. Ga tanki, a ƙara makunni mai yawo a kan ruwa wanda zai katse wuta idan an cika, ba tare da neman izinin manhaja ba. Sannan a sa kalmar sirri, a sauya wadda ta zo daga kamfani. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urorin intanet ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomi da masu kayan ba su sauya ba.

Injin da ke aiki da wutar gida mai bolt 230 ba na gwajin aji ba ne. Yana buƙatar rile da babban makunni na musamman, kuma ƙwararren mai aikin lantarki ne zai haɗa shi, domin wannan wutar tana kisa. A aji a tsaya ga batir da bai wuce bolt 12 ba. A fara da ƙaramar fitila a madadin moto. Idan ta kunna ta mutu bisa umarni, a sa gada da moto, a ɗaga tayoyin daga kan tebur. Daga nan, moto yana cikin gudu, wani ɗalibi ya kashe Wi-Fi na wayar, sauran su ƙirga daƙiƙa nawa za a yi kafin ya tsaya.