Abin da Yaron Sakaba Ya Fi Kwamfuta

'Yan'uwa ɗalibai, da yawanmu muna amfani da ChatGPT wajen aikin makaranta, amma kaɗan ne suka san masana na amfani da irin wannan manhaja don gano yadda yaro ke koyon magana.

Ana ɗura mata rubutu mai yawa, ta riƙa hasashen kalmar da za ta biyo baya, in ta kuskure a gyara ta, har ta kama tsarin harshen. Ba wanda ya karantar da ita nahawu. To, tun ƙarshen shekarun 1950 Noam Chomsky ke cewa abin da yaro ke ji bai isa ya koya masa nahawu ba, dole an haife shi da wani shiri a ƙwaƙwalwa. In manhaja ta iya koyo daga misalai kaɗai, ka ga hujjarsa ta yi rauni.

Sai dai fa GPT-3 ta haɗiye guntayen kalmomi kusan biliyan 300, yaro kuwa bai fi ya ji miliyan 100 ba kafin shekara 13. Shi ya sa a 2023 aka fara gasar BabyLM, inda ake taƙaita manhaja ga miliyan 100 ko ƙasa. A 2024 kuma masana a Jami'ar New York suka horar da wata da bidiyon awa 61 daga kyamarar da aka ɗaura wa jariri a ka, ta koyi haɗa wasu sunaye da abubuwansu.

Ni ɗan Sakaba ne. A wajenmu yaro kan tashi da Acipanci ko Kambarci a gida, Hausa a kasuwa, Turanci a makaranta. Da kunne yake rarrabe fara ta ci, fara aiki, da farar riga, saboda karin sauti da tsawon wasali. A rubutu kuwa duk "fara" ce, manhaja sai ta lalubo daga kalmomin kewaye.

Masu jin Acipanci kusan 20,000 ne, rubutunsa kaɗan ne, ko da aikin da Stuart McGill ya yi a kansa. In an gano yadda ake koyo daga kaɗan, irin harsunanmu ne za su amfana, amma sai akwai abin koyon. Hutu mai zuwa, mu nemi izinin kakanninmu, mu naɗi tatsuniyoyinsu a waya, mu rubuta.